Taguwar da Ta Ƙi Shiga

Rurum, daren Laraba, watan Rajab

Alhamdu lillahi, yau Habibu ya ci tuwo tare da ni, har ya nemi ƙari.

Laifina ne. Tun yana yaye nake kiransa Tsinke, wasan kaka da jika. Ashe abin ya zauna masa a rai. Shekara biyu ke nan yana ɗaga gwangwanayen siminti, ƙirji kamar buhun gero, amma in ya dubi madubi sai ya ce a rame yake. Ya daina cin tuwo, sai ɗanyen ƙwai.

Da la'asar na ciro taguwar angwancina, na ce ya saka. Ta maƙale a kafaɗa, ta yage.

"Tsoho, wannan ai ta yara ce!"

"Ta yara? A cikinta na auro kakarka, lokacin duk Rurum ba mai kayar da ni a kokawa."

Ya daɗe yana kallon yagar, sannan ya fashe da dariya.

Na san gobe zai koma wa madubinsa. Amma na bar masa taguwar, sunan Tsinke kuwa yau na binne shi.