Gwangwanin da ke Ƙarƙashin Tebur

Damagaram, 9 ga Fabrairu 2004

Zuwa ga Baba Mahaman mai shayi, bakin kasuwar Diffa.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Inna Fati da duk mutanen gida. Ni ce Joséphine, 'yar abokinka Filibus malamin gona, wadda kake kora daga benci kana cewa nan wurin maza ne.

Baba, ba lafiya ce ta sa na rubuto ba. Tun da muka binne Mama a watan Oktoba na ɗauko Papa ya dawo wurina, jikinsa sai baya yake yi. Yanzu abinci ma ya ƙi. In na dama kunu ya kawar da kai, in na yi romo ya ce in kai wa maƙwabta. Likita ya ce magani ba ya aiki a cikin da babu komai, in aka ci gaba haka da wuya ya kai damina. Abu ɗaya yake ambata safe da rana, wai shayin Mahaman.

Ka san shekarun da ya yi yana tsokanar Mama, wai nata shayin ruwan wanke kofi ne, naka ne shayi. Ni haushi nake ji a lokacin, ita kuwa dariya take yi. To yau ga ni ina roƙonka. Ka rubuto mini yadda kake haɗa shi, kada ka rage komai. Ka ba Labaran direba amsar.

Ubangiji ya kiyaye ku.
'Yarka, Joséphine

Diffa, 13 ga Fabrairu 2004

'Yata Joséphine,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, na karanta wa Fati, ta yi kuka. Allah ya ba Malam Filibus lafiya. Amma ki gaya masa ina fushi da shi. Shekara ashirin kullum da safe yana zama a bencina kafin ya hau babur ya tafi duba gonakin tattasai har Geskeru, amma tun ranar da aka binne mahaifiyarki bai sake taka wurina ba. Ko sallama bai yi mini ba da zai bar garin. Wurin zamansa yana nan, ban bar kowa ya gaje shi ba.

Ga ƙullin kayan ƙamshi na ba Labaran. Ki saurara da kyau, don ku 'yan lakkol, masu karatun boko, gaggawa gare ku. Ki zuba cokali ɗaya tun ruwa yana da sanyi. In ya tafasa ki sa ganyen shayi kaɗan, sannan madara da yawa. Ki bar shi ya taso sau uku, duk tasowa ki ɗaga tukunyar ki mayar. Ki tace, ki riƙa sheƙa shi daga kofi zuwa kofi, hannu a sama, har ya yi kumfa. Kada ki sa citta ko masoro, ko ƙwaya ɗaya.

Kogin Kumadugu ya fara janyewa, tattasai ya yi kyau bana, duk garin ya yi ja da shanya. Ki faɗa masa, zai so ji.

Ki gaida maigidanki.
Babanki, Mahaman

Damagaram, 20 ga Fabrairu 2004

Baba Mahaman,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da gajeren rubutu, raina a ɓace yake.

Na yi duk yadda ka ce. Sau uku ya taso, na sheƙa har hannuna ya gaji. Papa ya karɓa yana murna, ya shaƙi tururin, ko kurɓa bai yi ba ya miƙo mini. Na sake washegari da madarar shanu, na sake da ta gwangwani, duk ɗaya. Jiya ya ce: "Ki ce wa Mahaman ya daina yi mini wayo. Ba wannan ba. Na ƙarƙashin tebur."

Mene ne a ƙarƙashin tebur, Baba? Kuma duk Diffa an san shayinka da yajin citta, har 'yan kamasho suna cewa yana tada barci da mura tare. Don me ni ka ce kada in sa? Akwai abin da kake ɓoye mini. In sirrin sana'a ne, na rantse ba zan buɗe tebur a Damagaram ba. Zoben aurensa ya fara zamewa daga yatsansa, na ɗaure masa shi da zare. Ina jin tsoro, Baba.

Joséphine

Diffa, 24 ga Fabrairu 2004

'Yata,

Na gaishe ki. Kwana biyu takardarki tana aljihuna ina juya ta. Fati ce ta ce mini wadda ta ba ni amanar don ran mahaifinki ta ba ni, ba don in zuba ido ya mutu ba. Allah ya yafe mini, zan faɗa.

A shekarar 1991 likita ya ce mahaifinki yana da gyambon ciki, ya hana shi yaji. Kin san halinsa. Ya buga tebur a gaban jama'a ya ce shi ba za a ba shi shayin marasa lafiya ba. Ranar Talata ta kasuwa sai ga mahaifiyarki a gidana, ta shiga wurin Fati da wani ɗan gwangwani. Kanumfari ne da kirfa da busasshen ɓawon lemun tsami, da wasu abubuwa da ban gane ba har yau, ta soya su sama-sama ta daka. Ta ce in riƙa dafa masa nasa daban da wannan. Ta sa na rantse ba zai sani ba, don in mazan benci suka ji matarsa ce ke aiko masa kayan shayi, ba'a za ta kore shi daga wurin, ya koma shan abin da zai kashe shi a wani tebur.

Shekara goma sha biyu, duk Talata Fati ta karɓo sabo. Ina da ƙaramar tukunya a gefen murhu, gwangwanin kuma a ƙarƙashin tebur. Ya kurɓa ya ce, "Mahaman, da Elizabet za ta zo ka koya mata!" Ni kuwa in sunkuyar da kai ina goge kofi.

Abin da na aiko miki kwaikwayo na yi, na ɗauka zai wuce. Ga na gaskiyar nan na ba Labaran. Za ki gane ƙyallen da ke ƙarƙashin murfin, zanen zumuntar matan cocinku ne. Cokali uku ya rage, dakanta na ƙarshe. Ko ki gaya masa ko ki yi shiru, wannan ya rage gare ki. Ni dai kunyarsa nake ji.

Babanki, Mahaman

Damagaram, 8 ga Maris 2004

Baba Mahaman,

Ina gaishe ka da Inna Fati. Papa ya rasu jiya Lahadi da hantsi, cikin kwanciyar hankali.

Ban gaya masa komai ba, ban ma sami dama ba. Tun ina tacewa ya jiyo ƙanshin daga ɗaki, ya ce, "Ashe ya aiko." Ya shanye, ya nemi burodi. Ya ce tun makon farko ya sani, don duk la'asar ɗin Litinin yana jin turmi a bayan ɗaki, taɓaryar kuma ta kwana tana ƙanshin kofinsa na safe. Na ce to me ya sa kake kushe nata? Ya ce in ya daina za ta gane ya sani, ta ji kunya. Bencinka kuwa, ya ce ka yafe masa. Ba zai iya zama yana kallon gwangwanin yana ƙarewa ba.

Cokali biyu ya sha, kwana biyu a jere, ya ci abinci har mako guda, muka yi hira irin wadda ba mu taɓa yi ba. Na ukun ya hana ni dafawa.

Ga gwangwanin na mayar ta hannun Labaran. Papa ya ce shekara goma sha biyu kana dafa shi ba ka taɓa ɗanɗanawa ba. Wai ka zauna a wurinsa na benci ka sha, ka sa madara da yawa, kuma kada ka sa citta.

'Yarka, Joséphine