Ranar da Ƙwallon Ƙarfe Ya Same Ni

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ya jikin ƙaramar? Ni dai alhamdu lillahi.

Na ga wasiƙarki, har yanzu kina kan bakanki na in ajiye alli in dawo wajenku. Da na yi niyyar in yi miki faɗa, don tun rasuwar mahaifiyarku aji ne kaɗai inda nake jin muryar mutane. Amma bari ki ji abin da ya faru ranar Talata.

Darasin motsi muke yi da ɗalibaina. Na tura musu akwatin alli a kan tebur, motsi a miƙe ke nan. Na nuna musu fanka, na kewaye ke nan. Ƙudan da ya dame mu ma ya yi rana, shi ne na barkatai. Saura na kai da komo.

Kin san al'adata. In rataya ƙwallon ƙarfe da igiya a jikin rufi, in ja shi har bakin hancina, in saki. Ya je ya dawo, yara na ihu, ni ko gezau, domin ba ya wuce tsayin da aka sake shi sai in an tura shi. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa ni ba.

Auta, hannuna ya soma rawa tun bara, na ɓoye muku. Ina saki, ashe na ɗan tura shi ban sani ba. Ya dawo ya fasa min leɓe, tabarau ya faɗi.

Da dariya suka yi, da sauƙi. Shiru suka yi, irin shirun da ake yi wa tsoho. Washegari shugaban makaranta ya sa aka kwance igiyar.

Leɓe ya warke. Abin da ya fi ci min rai, na dawo gida da jini a riga, na buɗe ƙofa har na soma ba da labari kafin in tuna ba kowa a ciki.

Ki zo ki ɗauke ni ƙarshen zangon nan. Kada ki gaya wa yayanki dalili tukuna.

Ki gaida kowa da kowa.

Ni ne,
Babanki