Takwararki Ta Zage Ni da Hausa

Sa'adatu, takwararki ta zage ni da Hausa! Jiya da safe, a gidanmu na unguwar Mansur nan Makka, a gaban ubanta, da suka zo Umara. Ta dube ni ta ce wai ni tsoho ne marar haƙora, ba ta so na, in je in nemi tsohuwa irina. Na yi dariya har shahi ya sarƙe ni. Daga nan na shiga ɗakinki na rufe ƙofa, don kada yarinya ta ga abin da ya biyo bayan dariyar.

Af, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaiki, uwar 'ya'yana. Allah ya haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Ko kina raye ma ni zan karanta miki ita, kamar yadda muka saba tun da kika kora ni makarantar dare da furfura a gemuna, kina cewa kin gaji da kai wa maƙwabta saƙon gida su karanta mana.

Kin tuna abin da ya fi damunki a kwanciyarki ta ƙarshe? Kin ce jikokinmu na nan Makka ma Larabci ya cinye musu baki, balle 'yar ɗanmu Bashir da aka haifa a ƙasar Ailan, wadda ba ki taɓa gani ba sai ta waya. Kin ce sunanki zai tashi a ƙasar da ba a san mu ba. Na ce miki ki daina wannan tunani. Ni ma shi nake yi, ban dai faɗa ba.

Bara Bashir ya nema mini biza na je musu. Ƙasa ce koriya shar, ruwan sama ba ya gajiya, ni kuwa ina jin ɗari cikin riguna uku. Ranar da na sauka na ga yarinyar, Ummi suke ce mata tunda ubanta ba zai kama sunanki ba, sai na yi mata wasan da kowane kaka yake yi. Na ce amaryata, ina abincina, ko don kin ga na tsufa? Bashir ya fassara mata. Sa'adatu, yarinyar nan fuskarta ta canza, ta haye sama da gudu. Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa haka jika da kaka suke gaisawa. Ubanta ya yi bayani har ya gaji. Tun daga ranar, in na shigo ta fita. Na ƙetare duniya don in ga mai sunanki, sai ga ni na zama abin tsoro. Wa zan gaya wa? Da kina nan, da kin san yadda za ki sauko da ita.

Ana saura kaɗan in dawo, Bashir ya ce in raka shi fili, Ummi tana da wasa. Na je ne don kada in zauna ni kaɗai. Sai ga 'yan mata da hulunan kwano masu raga a fuska, kowace da sanda mai faɗin baki kamar muciya. Hular jikarki a kan ɗankwalinta take. Da aka hura usur suka ruga kan juna, sanduna suna ƙas-ƙas, na miƙe ina salati, na ce Bashir ya je ya raba su. Ya zaunar da ni yana dariya, ya ce wasan gargajiyarsu ne, na mata kamogi ake ce masa. Ƙwallon ƙarama ce ta fata, kamar goruba. A ɗauke ta da bakin sanda, a cafe da hannu, a maka ta sama. Ba a biyan kowa, kowa garinsu yake karewa.

Ina kallo sai jikina ya yi sanyi. Ashe ƙwallon gora ce! Irin wadda muke yi a bayan gari da ƙodago da sandar geza, kafin in biyo ayarin Makka ina saurayi. Ban taɓa ba ki labarin ba, ko? Rayuwa guda muka yi, kullum zancen haya da takardar iƙama da kuɗin burodin tamis, ban taɓa gaya miki cewa na taɓa zama yaro mai gudu ba.

Ga kuma abin da ya fi. A filin nan ba wanda ya san Ummi. Sunanta na yanka suke kira. Turawa, maza da mata, suna ta ihu da sunanki cikin ruwan sama. Ni da kunya ta hana in kama sunan nan a gabanki tun ranar da aka kawo ki, sai na ji bakina ya buɗe. Na ƙwala shi, Sa'adatu, har muryata ta dishe. Ina kiran yarinya ne ko ke nake kira? Har yau ban sani ba.

Da aka tashi na ga sanda a ƙasa, na ɗauka. Ban iya ɗaga ƙwallon irin nasu ba, sai na yi irin namu, na zabga mata a ƙasa. Ta tafi fuu har raga, ni kuma na zauna daɓas cikin taɓo. Wani dattijon Bature ya ɗaga ni yana ta surutu, Bashir ya ce wai haka iyayensu suke bugawa a da, a ina na koya? Sai na ji dariya a bayana. Ummi ce, ta cire hular. Wushiryarki ce a bakinta, sak.

Sauran kwanakin a bayan gida muka yi su. Ita ta koya mini ɗaukar ƙwallo, ni na koya mata Hausar wasa: buga, kama, gudu, tashi. Sauran Hausar ashe a ɓoye ta riƙa tambayar ubanta, tana shirya mini zagin nan tun kafin su taso Umara. Har da sanduna biyu ta zo da su a jaka.

Kin ga abin da kika ji tsoro bai faru ba, kuma ke kaɗai ce ba ki gani ba. Wannan shi ne yake hana ni cin abinci.

Juma'a bayan la'asar za mu buga, ni da ita, a filin nan na Ka'akiyya kusa da gidan ƙanwarki. Na gaya wa mai tamis, na gaya wa 'yan majalisarmu, na aika unguwar Kudai wurin jikokinmu 'ya'yan Halima. Kowa ya zo ya ga tsoho yana faɗuwa, kowa ya zo ya ji yadda ake kiran Sa'adatu da ƙarfi. Kujerarki ta roba zan ɗauko, in ajiye a inuwa.

Sai na iso.

Mijinki, tsoho marar haƙora,
Isuhu