Ayabar Cibiyarka

Zuwa ga ƙanina Bukenya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Nambooze da yara. Yaya zafin Mombasa, yaya aikin tashar jiragen ruwa? Mu nan Kalisizo sai godiya. Ruwa ya sauka da kyau, wake ya yi. Mama tana fama da gwiwarta, amma bakinta lafiya lau, har kajin maƙwabta sun san muryarta. Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, da na fara sai ka ce aiki ya taso.

Ka san an sa taron fitar da makokin Baba wata mai zuwa, ranar da za a yafa maka mayafin magaji, kuma danginmu ba masu zama a kan shayi ba ne. Shi ya sa na ce bari in gwada hannuna a tonto tun da wuri, tunda wannan ne karo na farko da za a dama giyar ayaba a gidan nan babu Baba a bakin kwami. Na yi komai yadda yake yi. Na binne ayabar a rami ta nuna, tsoho Kyambadde maƙwabcinmu ya tattake ta da ciyawa, muka tace, na zuba soyayyiyar dawa, muka rufe. Kuma kamar yadda Baba ya saba, na haɗa da nono ɗaya daga ayabarka, waccan ta bayan kicin da aka binne cibiyarka a gindinta. Da muka buɗe, ƙamshi ba laifi, amma in ka haɗiye sai wani ɗaci ya tsaya maka a maƙogwaro kamar ka lashi tsohuwar ƙusa.

Na ɗora wa dawa laifi, na ce na ƙona ta a suya. Na sake da wata, ɗacin yana nan, har da wani ƙarni a kai. Na kankare kwamin, na turara shi da busasshen ganye, na bar ruwan famfo na koma na marmaro, duk a banza. Gwaggo Namatovu ta tsare Kyambadde, wai ko ya manta cewa mai tattaka ba ya kusantar iyali kafin aiki. Ya ce da shekarunsa, wannan zargi ma yabo ne, ya gode. Mun yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba, don na san ruwa ba ya tsami banza.

Daga ƙarshe na raba aikin biyu a ƙananan tukwane, ɗaya da ayabarka, ɗaya babu. Wadda babu ta fito da daɗi, irin na hannun Baba. Ɗayar kuwa ko Kyambadde, da ba ya mayar da ƙwarya, ya tofar. Sai na je bayan kicin na sari ɗanyen nono. Bukenya, daga waje kore shar, babu tabo ko ɗaya. Da na tsaga, cikin ya yi baƙi-baƙi, kuma inda na sara wani ruwa rawaya yana tsattsafowa kamar mugunya. Gwaggo tana tsaye a bayana. Sai ta tambaye ni yaushe rabon da wani a gidan nan ya gan ka ido da ido.

Na kira malamin gona. Ya ce cuta ce sananniya, ƙudan zuma da adda ke yaɗa ta, babu ruwanta da cibiyar kowa. Ya ce a tumɓuke gindin gaba ɗaya har 'ya'yansa, a binne, a gasa addar a wuta, in ba haka ba kafin damina ta gaba gonar da ke ciyar da mu za ta zama fili. Na yarda da shi. Amma Mama ta ɗauki kujerarta ta dasa a gindin ayabar, ta ce babu mai sa fartanya a cibiyar ɗanta sai in shi ya faɗa da bakinsa, don a gidansu an taɓa sare irin wannan mai ita bai sani ba, kuma ta ƙi gaya mana yadda aka ƙare. Ga shi jiya na ga ganyen wasu ayaba biyu na kusa da taka sun fara yin rawaya.

Saboda haka ka ba mu izini, kuma ka gaggauta. Giyar taro kada ta dame ka, na san yadda zan yi da ita yanzu. Abin da ke hana ni sukuni daban ne, kuma zan faɗa ko za ka ji haushi: tsoro nake ji. Ba ka zo bikin Ista ba. Hoton da ka aiko na bara ne, na gane rigar. Duk kiran da muka yi ina jin tarin da kake toshe waya don ka yi, kuma Nambooze, da ba ta gajiya da hira, yanzu gaisuwa kawai take yi ta ajiye. Ni na goya ka, ni ba baƙuwar da za ka ɓoye wa ba ce.

Mama tana gaishe ka, Gwaggo ma haka. Kyambadde ya ce ka taho masa da taba. Ka gaishe min da Nambooze, ka shafa min kan Kizza da 'yar autarku. Allah ya tsare, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

In ka tashi ba da amsa, kada ka ce min lafiya lau. Ayabar ma haka ta ce, sai da na tsaga.

Yayarka,
Nabukenya