Mata Tara Suka Tsaya Mini, Ga Shi Na Faɗi Jarrabawa

Anti, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle.

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Kuɗin karatun rance ne daga ƙaramin bankin 'yan kasuwa, kuma ba sa bayarwa sai ƙungiya ta tsaya wa mutum. Mata tara na layin da mahaifiyata take kasuwanci ne suka dangwala hannu. Tun ranar na zama 'yar kowa. Duk Talata suna taruwa a shagon Inna mai ɗinki su haɗa kuɗin mako, in sakamako ya fito kuwa a nan ake karanta shi da ƙarfi, tsakanin keken ɗinki da buhun ƙyallaye. Likita suke kirana. Goggo mai sabulu har miƙo mini hannu take yi in auna mata jini, ni da ko allura ba a bar ni na yi ba tukuna.

To Anti, na faɗi darasin magunguna, sai na maimaita zango. Mako uku ke nan ina ce musu sakamako bai fito ba. Bankin ba zai ƙara wa'adi ba sai sun sake sa hannu kafin ƙarshen wata, in ba haka ba karatun ya tsaya. Kunya ta ishe ni, ji nake kamar in bar garin.

Wadda ta ɓoye takarda

'Yata, wasu mutum ɗaya suke nema ya tsaya musu sun rasa, ke kin samu tara kina tambayar hanyar tasha!

Na yarda, karanta sakamakonki kamar labaran rediyo ya yi yawa, kuma nan gaba kina iya roƙonsu cikin ladabi su rage. Amma guminsu ne a ciki, haƙƙinsu ne su sani. Kada kuma ki ɗauka kin yi musu wayo. Matan da ke gane kuɗin jabu da taɓawa ɗaya sun karanta fuskarki tuni, jiranki kawai suke yi.

Yau ki gaya wa mahaifiyarki. Gobe ki je bankin ki ji sharuɗɗan ƙarin wa'adin dalla-dalla. Ranar Talata ki kai takardar da hannunki, ki faɗa da bakinki, ki bayyana yadda za ki gyara. Tsiya kam za ki sha ta, ki shanye abinki. Babu wadda kayanta ba su taɓa yin kwantai ba a cikinsu, don haka faɗuwa za su yafe. Abin da zai yi musu ciwo shi ne su ji daga bakin ma'aikacin banki.

Allah ya ba ki sa'a, ya sanyaya zukatansu.