Soborodon Baba ba sukari

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan Badariya sai godiya.

Tun da likita ya hana Baba sukari bai ƙara shan soborodo ba, sai dai ya bi namu da ido. Jiya na dafa masa nasa da citta da kanumfari kawai. Ya yi ja mai kyau, ga ƙamshi, amma da na kurɓa sai ɗaci ya tsaya mini a maƙogwaro. Baba ya sha rabi, ya ture kofin a hankali, ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Uwata."

Me kike sa wa naki? Ki gaishe da kowa, ki kuma taya ni addu'a, don ba zan bari ba sai ya nemi ƙari.

Ƙanwarki,
Safiya