Arba'in ɗin Inna a Anafi

Anafi, Maris 1937

Yayata Evanthia,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna.

Na nemi izinin zuwa, manyana sun hana. Shekara da shekaru ina yi musu gadin ɗaurarru a wannan tsibiri, amma ko binne uwata ban cancanta ba. Abin da ke cin raina yanzu arba'in ɗinta ne. Ni kaɗai ne ɗanta namiji, ga shi inda nake ba mai yi mata waƙar makoki irin ta garinmu. Matan nan tasu daban ce.

Cikin ɗaurarrun akwai wani tsoho, Malam Vardakas, masanin harshe. Laifinsa wai ya koyar da yara da harshen gida, ba na tsofaffin littattafai ba. Jiya ya dube ni ya ce, "Ɗan sanda, kai mutumin Pogoni ne, bakinka ya tona ka. Wa ka rasa?" Na ce, "Koma layi, tsoho." Wai a kan jaki ya zaga ƙauyukanmu yana sauraron tsofaffin mata. Malaman birnin Atina dai, ba sa rasa labari.

Ƙanenki,
Lambros

Anafi, Afrilu 1937

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Ya jikin ƙafar taki?

An yi arba'in. Na kai dafaffiyar alkamar sadakar mamaci coci, na tsaya ni kaɗai kamar icce. Ana fitowa sai mata uku cikin baƙaƙen kaya suka zauna a dandali, suka ɗauko waƙar makokin nan da Kaka take yi. Yaya, matan masunta ne, ba su taɓa ganin duwatsun garinmu ba! Har jan muryar nan na ƙarshe. Na zauna a ƙasa ina saurare.

Ashe Malam ne ya riƙa tare su a bakin rijiya yana koya musu. Babbarsu, Marousa, ta ce mini, "Tsohon nan ya fi uwar mijina fitina! Numfashi ma sai ya ce ba a nan ake ja ba."

Na tambaye shi me ya hana shi rerawa da kansa. Ya ce, "Ta mata ce, ɗana. Ni ajiya aka ba ni."

Har yanzu ban yarda da siyasar ɗaurarrun nan ba, kuma zan ci gaba da gadinsa. Amma ban taɓa ganin mutum irinsa ba.

In kin je kabarin Inna, ki gaya mata a nan ma an yi kukanta da muryar gida.

Ƙanenki mai kewarku,
Lambros